Kullum "sai gobe": me ya sa nake kasa fara rubuta furojet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina ajin ƙarshe a jami'a. An amince da maudu'in furojet ɗina tun farkon zango, amma har yau ko babi na ɗaya ban taɓa ba. Da na buɗe kwamfuta sai in shiga saƙa da warwara: ko malamin da ke duba ni zai yi fatali da aikin, ko dai in canja maudu'i. Ƙarshe in ɓuge da latsa waya har dare ya raba. Lalaci ne ke damuna?
Wata ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Malalaci barcinsa yake sha hankali kwance. Ke kuwa abin yana cin ki a rai, don haka matsalarki daban ce.

A 2013, masana halayyar ɗan'adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun bayyana jan ƙafa a matsayin gudun ɓacin rai na ɗan lokaci. Duba yadda yake faruwa gare ki. Kin buɗe kwamfuta, farin shafi ya bayyana, gabanki ya faɗi, hannunki ya kai ga waya, nan take kika ji sanyi. Wannan ɗan sanyin ne ƙwaƙwalwa take riƙewa, gobe ma ta sake jan ki can. Fargabar kuwa tana nan, kullum ƙaruwa take yi saboda lokaci yana ƙurewa.

Yawan tunani ya fi waya yaudara, domin yana kama da aiki. Ki auna shi da tambaya ɗaya: shin ya kai ki ga wani abu da za ki iya yi yau? "Ko zai yi fatali da aikin" ba ta da amsa a cikin kanki, ko da za ki kwana kina juya ta. Amsar tana ofishin malamin, kuma ba za ta fito ba sai kin ajiye masa takarda ya bi ta da jan biro. Gyaran nan da kike tsoro shi ne aikinsa. Batun canja maudu'i kuma, ki tambaye shi sau ɗaya, ki yi istihara, ki rufe maganar. Ko a Suratu Ali Imrana, aya ta 159, shawara aka fara ambata, sannan azama, sannan tawakkali.

Kada ki jira sai kin ji sha'awar rubutu, sau da yawa sai an fara take zuwa. Wani masanin halayyar ɗan'adam, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. "Zan dage" niyya ce sake. Mu da salloli biyar suka riga suka raba mana yini, abin ya zo da sauƙi. Ki ce: "Da na sallame sallar Asuba, zan zauna a teburin nan in rubuta sakin layi ɗaya kan dalilin binciken." Waya ta kwana a wani ɗaki, ko ki damƙa wa abokiyar zamanki. Ki fara da biro da littafi, don kada rashin wuta ya zama uzuri. Minti 25 ya isa, in kin ga dama ki tashi. Kuma ki yarda rubutun farko ya fito da muni, kada ki goge ko kalma ɗaya ranar.

Sannan ki tura wa malamin saƙo yau: "Ranka ya daɗe, ranar Alhamis zan kawo shafi uku." Kunyar saɓa alkawari za ta yi miki abin da faɗan kai bai yi ba. Yawan zagin kai ma ki rage, ɓacin rai yake ƙarawa, shi ne kuma tushen gudun.

Amma idan kika ga kin shafe mako biyu ko fiye cikin ƙunci, barci da cin abinci sun rikice, abubuwan da kike jin daɗinsu sun fita daga ranki, to wannan ya wuce jan ƙafa, yana iya zama ciwon damuwa, kuma yana da magani. Ki ga likita a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna.