Dokin da ke ɗingishi yau, gobe ya tafi garau

Malam, ka ce dokinka yakan ɗan ɗingisa wata rana, kuma ya fara ƙin sirdi. Da alama ba taurin kai ba ne, ciwo yake ji.

Sa yaro ya ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, kai ka tsaya gabansa. In ƙafar gaba ce, zai ɗaga kai duk sanda mai ciwon ta taka ƙasa. Sannan a zagaya da shi hagu da dama, nan ɓoyayyen ɗingishi ke fitowa. Dafa kofatansa ka ji wanda ya fi zafi, ka kankare ƙarƙashinsa ko tsakuwa ta maƙale. Shafa gadon bayansa ma, ko ciwo a nan ne ya sa yake ƙin sirdi.

Don Allah kar ka ba shi maganin kashe zafi kafin likitan dabbobi ya gan shi, zai ɓoye alamar.