Sulen da Ake Sa wa Jirgin Fito

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka. Ka ce ka ga bidiyon sabon jirgin fito, irin mai ɗaukar mutane da motoci, an sa masa sule a ƙarƙashi tun ana harhaɗa shi, ranar turawa ruwa kuma wata mata ta fasa masa kwalba a goshi. Kana tambaya ko tsafi ne, ko akwai hikimar injiniyoyi a ciki.

Sulen tsohon abu ne. A 1962 an tono wani jirgin zamanin Rumawa a bakin kogin Thames a Landan, aka tarar da kwabon tagulla na Sarki Domitian a ramin da ake kafa sandar jirgin. Fatan sa'a ne na maƙeran da. Sai dai ranar da ake sa shi yau tana da nauyi a doka. Jirgin zamani ba daga ƙashin baya guda ake fara shi ba. Gunduwa-gunduwa ake yi: a yanka farantan ƙarfe, masu walda su haɗa kowane ɓangare da bututunsa, injin ɗaga kaya ya sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka ajiye gunduwar farko ita ce ranar sa sulen, ita ake rubutawa a matsayin ranar aza ƙashin baya, wato tushen jirgin na ƙasa, kuma da ita ake sanin wace dokar tsaro ta yarjejeniyar SOLAS, ta ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, ta hau kan jirgin. Shi ya sa za ka ga masu jirgi suna rige-rigen aza shi kafin sabuwar doka ta fara aiki.

Kwalbar kuwa biki ne na raɗa suna. Turawa sun fi amfani da giyar shamfen, a Indiya kwakwa ake fasawa, a Japan da ƙaramin gatarin azurfa ake datse igiya. Titanic ma da aka tura ruwa a Belfast a 1911 ba a fasa mata komai ba, don kamfanin ba ya wannan al'ada, kuma ba abin da ya nutsar da ita ke nan ba, ko da masu camfi na faɗa.

Amma tunda ka taɓo al'ada, bari in gaya maka wadda na fi girmamawa. Ka taɓa lura da yadda ma'aikata ke takura wa direbobi? A ja birkin hannu, a kashe inji, a sa wa tayar tirela waigi, a ɗaure ta da sarƙa idan teku ba lafiya, sannan a kori kowa zuwa benen fasinja. Mutane na gunaguni, ni kuwa ina ganin sun yi kaɗan ma.

Ɗauki faffaɗan tire ka zuba ruwa kofi biyu ka yi tafiya da shi. Da ka ɗan karkata, ruwan duk ya ruga gefe guda, hannunka ya bi shi. Zuba ruwan nan a kwalabe huɗu ka jera a kan tiren, za ka tafi lafiya lau. Sauran jirage an raba cikinsu da bangaye kamar kwalaben nan. Benen motoci kuwa fili ne fetal daga goshi har wutsiya, don mota ta shiga ta nan ta fita ta can. Abin da ya sa jirgin ke saurin lodi shi ne kuma rauninsa.

Ranar 6 ga Maris 1987, jirgin fito mai suna Herald of Free Enterprise ya bar Zeebrugge ta Beljiyam zuwa Dover ta Ingila da ƙofofin gaba a buɗe. Daga inda kyaftin yake ba a hango su, babu kuma fitilar da za ta sanar da shi. Ruwa ya kwarara benen motoci, cikin kamar minti ɗaya da rabi jirgin ya kwanta, mutum 193 suka rasu. A 28 ga Satumba 1994, igiyar ruwa ta ɓalle murfin goshin wani jirgin fito mai suna Estonia tsakanin Tallinn da Stockholm, aka rasa rai 852.

Bayan waɗannan ne aka wajabta fitilun ƙofa da kyamarori a ɗakin tuƙi, aka ƙarfafa makullan, aka faɗaɗa magudanan benen. Yarjejeniyar Stockholm ta 1996 ta buƙaci jiragen arewa maso yammacin Turai su iya tsayuwa ko da ruwan da ya kai rabin mita ya taru a benen motoci bayan an huda su. 

In ka sake samun bidiyon, duba min ko sun nuna ƙofar gaban daga ciki, ina son ganin irin makullin da suka sa. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.