Amsa ga ƙanena na Gombe kan kocin makarantarsu

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce an turo muku ɗan bautar ƙasa daga Kudu yana koyar da ƙwallo, yara na yi masa kallon arne, shi kuma yana ganinsu ƙauyawa masu kunnen ƙashi, kana son jin yadda mu mutanen zango, unguwar baƙi Musulmi a nan Ghana, muke yi. Ka yi haƙuri da Hausata, ta Kumasi ce, wani sa'in ba ta raba mace da namiji.

Fataucin goro ya kawo kakanninmu tun zamanin kasuwar Salaga ta arewacin Ghana, amma har gobe baƙi ake ce mana. Tun korar baƙin da gwamnatin Firayim Minista Busia ta yi a 1969 dattawanmu ba su ƙara sakin jiki ba. Mutanen gari kuwa, da an ce "yaron zango" sai su ji ɗan rigima. Abin dariya, babban filin wasan garin sunan Baba Yara, tsohon ɗan ƙwallon Ghana kuma Musulmi, yake amsawa, Mohammed Kudus da suke yi wa tafi kuma a Nima, zangon Accra, ya tashi.

Da wannan zaton kocin makarantar ɗana ya zo, mutumin Asante ne, ƙabilar 'yan garin nan, Kirista. Azumi ya kama, yara suna sulalewa daga atisaye da la'asar, ya ce lalaci ne, ya zaunar da huɗu a benci. Mu ma da namu laifin. An yi ta raɗe-raɗi a ƙofar masallaci wai addu'ar da yake yi kafin wasa tarko ce ta jan yara coci.

A zango ba ma barin yaro ya yi sa-in-sa da malami, babba ne ke shiga. Liman ya tura mu mu biyu. Ba ƙara muka kai ofis ba, shan ruwa muka gayyace shi. Ya zauna kan tabarma, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, yana kallon mai tsaron ragarsa na kurɓar koko, hannu na rawa, ƙosai na jira a takarda. Ya tambaya tun yaushe rabonsa da ruwa. Aka ce tun kafin asuba. Bai ce uffan ba. Kashegari atisaye ya koma sanyin safiya. Addu'a kuwa, ya yi tasa, kyaftin ya ja Fatiha, kowa ya shafa.

Kafin ku fita gasa a filin Pantami, ina tambayarka: tun zuwan bawan Allahn nan Gombe, akwai wanda ya kira shi gida ya ci tuwo?