Neman Abokin Nutso a Ruwan Sanyi na Birtaniya

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka sami abokin nutso tunda karatu ya kai ka Leicester. Ka shiga reshen BSAC, wato ƙungiyar masu nutso ta Birtaniya, mafi kusa, domin a can za a haɗa ka da wanda ya san ruwan yankin, kuma don Allah kada ka shiga ruwa kai kaɗai. Ka fara da Stoney Cove, tsohon ramin fasa dutse kusa da Leicester da ruwa ya cika, wanda zurfinsa ya haura mita 30. Sanyinsa yana saurin gajiyar da jiki, saboda haka ka koyi amfani da rigar da ruwa ba ya ratsawa. Scapa Flow kuwa, wani yankin teku a arewacin Scotland inda Jamusawa suka nutsar da jiragen yaƙinsu a 1919, sai ka ƙware tukuna.