Akwatin Maganin Tarin Tibi: Ƙanena Yana Buɗewa Amma Ba Ya Sha

Tambaya: Likita, ƙanena yana shan maganin tarin tibi, an ba shi wani akwati mai ƙara idan lokacin shan magani ya yi. 'Yan unguwa sun ce yana naɗar hirar gida. Yanzu makonsa bakwai, tarin ya tsaya, sai na lura buɗe akwatin kawai yake yi ya rufe. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, zancen naɗar hira ki bar shi inda kika ji shi. Abin da akwatin ke aikawa rumbun bayanai na intanet shi ne lokacin da aka buɗe murfinsa, shi ke nan. Manhaja ce ke tace waɗannan bayanai, ta nuna wa ma'aikacin lafiya wanda ya tsallake kwana, a kira shi ko a bi shi gida, wanda kuma ke sha kan lokaci a rage masa zirga-zirgar asibiti. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da irin waɗannan na'urori.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne ɗaya maganar. Akwatin ya san an buɗe shi, bai san an haɗiye ƙwaya ba. A allonmu ƙanenki yana cikin masu biyayya, babu wanda zai neme shi, alhali cutar tana nan kwance.

Kusan kullum sai na ji wannan kalma: "Likita, na warke." Tsayawar tari ba warkewa ba ce. Magunguna huɗu na watanni biyun farko suna kashe ƙwayoyin cutar masu saurin hayayyafa, shi ya sa zazzaɓi ke sauka, cin abinci ya dawo. Masu taurin kan suna nan a laɓe cikin huhu, kuma saboda su ake ci gaba da biyu daga cikin magungunan, rifampicin da isoniazid, wata huɗu, a cika shida. Wanda ya riƙa sha yana bari, yana iya dawo mana da tibin da ba ya jin magani, ya kuma shafa wa yaran da suke kwana ɗaki ɗaya. Na ga wani matashi ya dawo bayan wata biyar, riga na yawo a jikinsa, yana tofar da jini a tsumma, ya daina shan magani ne saboda wani mai maganin gargajiya a tasha ya ce masa ƙwayar asibiti na ƙona hanta, shaidarsa wai jan fitsari. Jan fitsarin launin rifampicin ne kawai! Alamar an taɓa hanta ita ce ido ya yi ɗorawa, ga kuma amai, kuma wannan asibiti ake kawowa a ranar.

Ki raka shi gobe, ku faɗa wa ma'aikacin gaskiyar kwanakin da bai sha ba, don da wannan lissafin za a san ko a sake gwada majinarsa. A auna nauyinsa ma, yawan ƙwayoyin maganin da nauyi yake tafiya. Daga nan kowace safiya ki tsaya da kofin ruwa har ki ga ya haɗiye.