Yaro yana Kano, likitan magana yana waya

Wani ɗan'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Landan ya rubuto min. Iyalinsa suna Ɗorayi, domin tun Maris na 2024 Ingila ta hana masu shigowa da irin bizarsa tahowa da mata da yara. Ɗansa ya cika shekara 3, daga "Umma" sai nuni da yatsa. Kakarsa ta ce nauyin baki ne, na gado. Shi kuma ya samo wata ƙwararriyar likitan magana a intanet, yana tambaya ko ya biya.

Malam, kar ka biya tukuna. A fara auna kunnensa, wannan kuwa ba ya yiwuwa ta waya. Maiɗakinka ta kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ta faɗa musu ko ya taɓa yin ƙyanda, sanƙarau ko ruwan kunne, don duk suna taɓa ji. Waiwayen da yake yi in an buga ƙofa ba shaida ba ce. Yaro kan ji ƙarar babur amma ƙananan sautukan magana su wuce shi. Hajiya kakarsa ba ta yi ƙarya ba, akwai masu nauyin baki da ke warwarewa da kansu, sai dai yawancin yara a shekara 2 sun fara haɗa kalma biyu, irin "ba ni". A lallaɓa ta, kar a kai shi wurin wanzami a taɓa masa harshe ko beli.

In kunne lafiya, zaman intanet yana aiki, amma ka san wa ake koya wa. Ɗan shekara 3 ba zai zauna gaban waya minti talatin ba. Uwar ce ɗalibar. Ƙwararriyar za ta kalle su suna wasa a tabarma, ta ce wa uwar ta riƙe kofin kunu kusa da bakinta, ta ce "kunu", ta yi shiru ta jira shi. Jiran nan shi ne mai wuya, mu da muka saba cika wa yaro baki kafin ya buɗe. Abin da ta koya shi za ta riƙa maimaitawa wajen wanka da cin tuwo har zama na gaba.

Sai batun harshe. Baturiyar da ba ta jin Hausa ba za ta gane ko ya bambanta "kafa" da "ƙafa" ba. Nemi mai jin Hausa, ko a ce uwar ta riƙa fassara. Kuma kar kowa ya ce a daina yi masa Hausa don wata rana zai zo Turai; harshe biyu ba ya jawo jinkirin magana.

Kafin ka tura kuɗi ka nemi lambar rajistarta: a Ingila hukumar HCPC ce ke yi wa likitocin magana rajista, a Najeriya kuma MRTB. Ka biya zama ɗaya ɗaya, ban da kuɗin wata shida a dunƙule. A sa lokacin da safe, yaro ya ƙoshi, waya da caji. Da hunturu Kano tana gaban Landan da awa ɗaya, in kana so ka shiga zaman bayan ka sauko daga aikin dare.