Injin tsakiya ko na cikin taya?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanina, na ga tambayarka tun jiya a kan keken lantarki, wai wanne za ka ɗauka, mai inji a tsakiya wajen feda, ko mai inji a cikin hob, wato cibiyar taya. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

To ka ga na tsakiyan nan, sarƙa yake ja, kamar yadda ƙafarka take yi. Duk giyar da ka sa, da ita shi ma yake aiki. Ka zo hawa, ka sauko da giya, injin na juyawa yadda yake so, keke na hawa ba nishi. Shimano EP8, wani injin tsakiya, ƙarfin murɗawarsa Nm 85 ne (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne), ƙananan injinan hob kuwa yawanci wajen 40 suke. Kuma shi na hob babu ruwansa da giyarka, taya yake juyawa kai tsaye. In hawa ya yi tsawo, gudu ya ragu, sai ya kama zafi, cajin batir na saurin ƙarewa. Ni na taɓa tsayawa a tsakiyar tudu na ɗora hannu a kan hob ɗina, wallahi ba shiri na janye.

Amma fa na tsakiya yana cin sarƙa da haƙoran giya, ci ba na wasa ba, don ƙarfinka da na inji duk ta nan suke bi. In za ka canza giya, ka ɗan sassauta ƙafa, in ba haka ba ka ji ƙaras! Ran da sarƙa ta tsinke kuwa, sai turi. Mai hob, in yana da totur, murɗawa kawai zai yi ya isa gida ko babu sarƙar.

Wani ciwon kan hob kuma shi ne faci a tayar baya. Sai ka zare wayar inji, ka nemo sifana, ka kula da yadda wasoshin nan suke zaune kafin ka cire, ga tayar da nauyi.

Kai da ka ce hanyarka shimfiɗaɗɗiya ce, kuma ba kaya kake ɗauka ba, ɗauki na hob na baya, ya fi sauƙi a aljihu, ya ishe ka. Na hob ɗin tayar gaba kam ban ba ka shawara ba, yana sulɓi in ƙasa ta jiƙe.